Ina safayar motarka take?

Ranar Asabar na tarar da autana a ƙofar gida a Maamobi yana haɗa mota da gwangwanin Milo. Ya yanka tayoyi huɗu daga tsohon silifas, ya ƙara ta biyar ya ɗaure ta da waya a baya. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Safaya ce, Baba, irin ta Prado. Tamu a ina take?"

Na yi dariya, amma yaron ya fama mini tsohon miki. Wata shekara na cika but ɗin Corolla da dilolin atamfa, ni da mai ɗakina muka nufi Kumasi. Mun wuce Nkawkaw kaɗan taya ta fashe, ga magariba, ga hadari. Safayar tana can ƙasan but, sai da muka sauke kaya kaf a bakin titi. Muka ciro ta, ashe ba iska! Na bar baiwar Allah tana gadin kaya cikin duhu, na tafi neman mai faci. Kafin in dawo ruwa ya jiƙa atamfa, ribar tafiyar ta bi ruwa.

To 'yan uwa, kowace mota da inda take ɓoye tata. Ƙananan motoci, ƙarƙashin shimfiɗar but. Hilux da Hiace, a ƙasan mota ta baya. Ta Hilux da sarƙa ake sauko da ita, in tsatsa ta ci wurin kuwa sai an sha wuya. Tsohuwar RAV4, a jikin ƙofar baya. Tsohuwar Land Rover har kan bonet ake ɗora mata.

A kula da motocin da ake saukewa a Tema. Wasu siririyar safaya gare su, wadda ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, ba kuma ta kaya mai nauyi ba ce. Wasu ma ba su da ita sam, sai ɗan famfo da ruwan liƙe huji. In taka haka take, ka leƙa Abossey Okai ka nemi cikakkiyar taya, da jak da sifana.

Ni dai yanzu kafin a ɗora dila ko ɗaya, sai an gwada iskar safaya, in kuma ajiye ta inda hannu zai kai. Autana ne ke tuna mini. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.