Talakawan da suka haifi Superman

A shekarar 1938 wata sabuwar mujallar labarin zane mai suna Action Comics ta fito a Amurka, kuɗinta santi 10. A bangonta an zana wani ƙato mai jan mayafi ya ɗaga mota sama kamar ba komai ba. Ranar ce duniya ta fara ganin Superman. A 2024 an yi gwanjon kwafi guda na wannan fitowa ta farko, ya tashi a kan dala miliyan 6.

Yara da matasa kan kalli irin waɗannan gwaraza su yi sha'awar ƙarfinsu. Amma ga mai son ya yi rubutu ko zane ko fim, abin koyin yana wurin mutanen da suka zauna suka ƙago su, domin yawancinsu talakawa ne da ba wanda ya taɓa zaton za su zama wani abu.

Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane 'ya'yan Yahudawa ne da iyayensu suka yi ƙaura daga Turai. Sun haɗu a makarantar sakandare ta Glenville da ke birnin Cleveland, a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Idon Shuster ba shi da ƙarfi, kuɗin takarda ma yakan gagare shi, har ya riƙa zane a bayan takardar manna bango da wasu suka yar. Mahaifin Siegel kuwa ya rasu a 1932, lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi.

Da wannan rayuwa suka gina gwarzonsu. Superman baƙo ne da ya zo daga wata duniya, manoma suka tsince shi suka raine shi. Idan ya cire mayafi sai ya koma Clark Kent, ɗan jarida mai tabarau da kunya, wanda matar da yake so ba ta ko kallonsa. Siegel da kansa ya faɗi daga baya cewa halin da ya sha a makaranta ne ya zuba a cikin Kent. Kusan shekara biyar suna kai labarin wurin masu buga jaridu ana mayar musu da shi, suna gyarawa suna sake kaiwa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Haka labarin Spider-Man. Marubucinsa, Stan Lee, ya sha ba da labarin yadda mai kamfanin da yake yi wa aiki, Martin Goodman, ya ƙi amincewa da farko: mutane ba sa son gizo-gizo, kuma yaro ɗan makaranta ba ya zama gwarzo, sai dai ya zama yaron gwarzo. Da ƙyar aka saka labarin, da zanen Steve Ditko, a fitowa ta ƙarshe ta wata mujalla da ake shirin rufewa, Amazing Fantasy, a 1962. Peter Parker, wato Spider-Man, maraya ne, yana zaune da matar baffansa, yana sayar wa jarida hotuna don a samu kuɗin haya. Abin da aka ɗauka aibi shi ya ja masu karatu, don sun ga kansu a cikinsa.

Wannan darasi ya iso Najeriya. A 2013 Jide Martin ya kafa Comic Republic a Legas, yana sakin labaran gwarazansa kyauta a intanet. Roye Okupe ya kafa YouNeek Studios, ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya wadda ya samo tushenta daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A 2024 Disney ta fitar da Iwájú tare da kamfanin Kugali, labarin Legas ta gobe. Abin lura shi ne, kayan da Okupe ya ɗauka yana nan a ƙofar gidanmu. Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu, 'yan tauri, 'yan dambe, Gizo da Ƙoƙi, duk suna jiran mai alƙalami. Wayar hannu ta rage wahalar takarda da ta addabi Shuster, kuma mai zane a Kano ko Maraɗi zai iya nuna aikinsa ga dubban mutane ba tare da izinin wani mai ɗab'i ba.

Sai dai labarin yana da ɓangare mai ɗaci. Dala 130 kacal aka biya Siegel da Shuster, suka sa hannu suka sallama haƙƙin mallakar Superman gaba ɗaya. Sun kai ƙara a 1947 ba su dawo da shi ba, aka cire sunayensu daga mujallar. Shuster ya koma aikin kai saƙo yana fama da ido. Sai a 1975, bayan surutu ya yi yawa, kamfanin da ke buga Superman ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka mayar da sunayensu. Bill Finger, wanda ya tsara mafi yawan siffofin Batman a 1939, ya mutu a 1974 cikin talauci, kuma ba a fara rubuta sunansa a matsayin abokin ƙirƙira ba sai a 2015.

Yarda da baiwarka, ke nan, ba ta tsaya a zama a yi aikin ba. Ta haɗa da sanin darajarsa ranar da mai kuɗi ya zo da takarda. Matashin da ya ƙago labari ya rubuta sunansa a jikin kowane shafi, ya adana zanensa na asali, ya nemi wanda ya san doka ya karanta masa yarjejeniya kafin ya sa hannu. Idan za a sayi aiki, a bambanta tsakanin ba da izinin bugawa na wani lokaci da sayar da gwarzon har abada.