Ɗaukewar Wuta Ba Mutuwar Waya Ba Ce

Akwai kalmar da muke yawan faɗa wa mai gyaran wuta idan ya iso gidajenmu a Limawa, ko Garu, ko Takur: "Hau kawai, ai NEPA ta ɗauke." Muna faɗarta da kyakkyawar niyya, alhali tana cikin mafi haɗarin kalmomin da ake faɗa wa ma'abucin wannan sana'a. Wutar da aka ɗauke, wani ne ya ɗauke ta daga nesa, bai san da mutum a kan tsani ba, kuma ba zai yi sallama ba sa'ad da zai maido ta.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991 gine-gine suke ƙaruwa, samari da dama kuma suka sami abin yi a aikin jan waya. Sunan NEPA ya shuɗe, tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma ɗabi'ar wutar ba ta sauya ba. Wadda ke shiga gidajenmu ƙarfinta kusan bolt 230 ne, manyan wayoyin da ke saman falwaya kuwa suna ɗauke da 11,000 ko 33,000. Mutane kan raina ta gida, alhali abin da bai kai cin ƙaramin ƙwan fitila ba ya isa ya rikita bugun zuciya idan ya ratsa ƙirji. Tana kuma ƙanƙame tsokar hannu, har mutum ya kasa sakin wayar da ke kashe shi. Gumin bazara da jiƙaƙƙiyar ƙasar damina su ne ke share mata hanya cikin jiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne yanzu wuta ba ta hanya ɗaya take zuwa ba. Gida guda za ka tarar da layin kamfani, da janareta, da sola mai batir da inbata. Faifan sola yana ba da wuta muddin rana tana dukansa, ko da an kashe kowane makunni na gidan. Janareta kuwa, idan aka jona shi ba tare da makunnin da ke raba shi da layin kamfani ba, wutarsa takan fita ta bi wayar titi. Idan ta isa taransifoma sai aikin ya juya: na'urar da aka kafa don rage ƙarfin wuta ita ce za ta ɗaga shi zuwa dubbai. Mai gida na zaune cikin iskar fanka, ɗan wani yana can bisa falwaya riƙe da wayar da yake zaton matacciya ce.

A nan maganar ta shiga fiƙihu. Malamanmu sun bambanta wanda ya yi kisa da hannunsa da wanda ya zama sanadi, amma ba su wanke na biyun ba. Misalinsu sananne shi ne wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, wani ya faɗa ya mutu: sun ɗora masa lamuni. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Tantance hukunci a kan mutum takamaimai aikin alƙali ne, sai dai a ganinmu janaretan da aka jona da ganganci bai yi nisa da ramin nan ba. Haka maigidan sana'a da ya tura yaron da yake koya wa aiki kan waya mai rai, don kada a ɓata lokaci, shi kuma yana ƙasa yana amsa waya. Amana iyaye suka ba shi.

Wasu masu gyara suna ɗaukar aiki da wuta a kunne a matsayin shaidar ƙwarewa, idan an yi musu magana su ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma su ɗin nan ba sa tsallaka titi ido a rufe. Ƙwararren da muka sani shi ne mai cire fis ya jefa a aljihunsa, ya kashe janareta, ya raba batir da inbata, ya gwada tastarsa a inda ya tabbata akwai wuta kafin ya yarda da shirunta a kan wayar da zai taɓa. Hukumar NEMSA tana ba masu wannan aiki takardar shaidar ƙwarewa, ba kuma cin fuska ba ne mai gida ya nemi ganinta. Falwaya da taransifoma kuwa hurumin ma'aikatan kamfani ne, ko da 'yan unguwa ne suka yi karo-karo.

Idan wuta ta kama mutum, kada tausayi ya sa a cafke shi da hannu, sai gawa ta zama biyu. A kashe wutar daga tushe, in ya gagara a ture shi da busasshen katako. Wannan a wutar gida ke nan. Babbar waya ba a ko kusantarta sai kamfani ya kashe layin. Kada a ɗura wa sumamme madara ko ruwa, domin zai shaƙe. Ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi Babban Asibitin Dutse ko na Rasheed Shekoni a duba zuciyarsa, domin ƙunar wuta ta ciki takan fi wadda ido ke gani.