Shin Ko Kun San? Zamanin Da Kwamfuta Ke Buga Waya

Kafin zuwan data da wayar hannu, mai kwamfuta a gida galibi ba shi da hanyar haɗa ta da wata kwamfutar sai ta layin tarho. Kayan aikinsa uku ne: wayar girke, akwatin modem, da manhajar sadarwa mai nuna masa duk abin da ke shigowa ta layin. Da waɗannan ƴan kayan ne mutanen gari, ba manyan kamfanoni kaɗai ba, suka share fagen zumuntar da muke yi a intanet yau.

Shin ko kun san cewa aikin modem shi ne mayar da rubutu ya zama ƙara? Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, layin waya kuwa an yi shi ne don murya. Sai modem ta ba wa sifili sautinsa, ta ba wa ɗaya nasa, ta tura su ta layi, ƴar'uwarta da ke can ta mayar da su rubutu. Bell 103 da kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1962 tana aika bit 300 a daƙiƙa.

Ko kun san cewa wannan gudun bai wuce haruffa 30 a daƙiƙa ba? Mutum na zaune yana kallon rubutu yana fitowa harafi bayan harafi, yana karantawa yana bin sa. Da za a tura hoton wayar yau guda mai nauyin megabait 3 a haka, sai ya ci fiye da awa 27.

Ko kun san cewa an yi lokacin da ba a jona modem da layi kai tsaye? AT&T ya hana a haɗa kowace baƙuwar na'ura da layinsa. Dabarar da aka yi ita ce, ka buga lamba da hannunka, in ka ji ƙarar ɗaya ɓangaren sai ka kifa kan wayar a cikin wasu kofuna biyu na roba, ɗaya na saurare, ɗaya na magana. Hukuncin Carterfone na 1968 ne ya fara karya wannan hanin.

Shin ko kun san cewa a 1981 ne modem ta fara buga lamba bisa umarnin da aka rubuta mata cikin sauƙi? Dennis Hayes da Dale Heatherington, a jihar Jojiya, su suka ƙera Smartmodem. Ka buɗe manhajarka, allo baƙi ƙirin, ka rubuta ATDT da lambar da kake so. Sai ka ji layi ya buɗe, lambobi na shiga ɗaya bayan ɗaya, waya na ringin a can. In an ɗauka, na'urorin biyu su yi ta tsuwa da ƙaraji har su daidaita kan gudun da za su yi aiki da shi, sannan tsit, CONNECT ta bayyana a allo. In layin a cike yake ka ga BUSY. In za ka yi sallama, ka danna alamar tarawa sau uku, ka rubuta ATH, modem ta ajiye waya.

Ko kun san cewa dole sai saitin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya? Wanda ya fi yaɗuwa shi ne 8-N-1. In naka ya saɓa da na wanda ka kira, abin da zai cika maka allo shi ne tarkacen alamomi marasa ma'ana. Manhajar kan kuma kwaikwayi allon manyan kwamfutoci, musamman VT100 na kamfanin DEC da ya fito a 1978, don kowane rubutu ya zauna a gurbinsa.

Shin ko kun san cewa dusar ƙanƙara ce ta haifi allon sanarwa na farko na jama'a da ake kira ta waya? A Janairun 1978 ƙanƙara ta rufe birnin Chicago, Ward Christensen da Randy Suess suka samu sararin zama su haɗa CBBS. Ya fara aiki ranar 16 ga Fabrairu, 1978. Ka kira, ka karanta saƙonnin da wasu suka bari, ka bar naka. Dubban mutane suka kwaikwaye su, kowa ya girke nasa a ɗakinsa.

Ko kun san cewa yawancin waɗannan allunan layi ɗaya gare su? Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, sauran sai jira, kamar layin famfon unguwa. Shi ya sa manhajoji irin su Procomm, Telix da Qmodem ke sake bugawa da kansu har layi ya buɗe. Mai allo kan yanke wa kowa mintocinsa na rana, da yawa kuma sun kafa sharaɗi: sai ka ɗora wani abu sannan ka sauke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ko kun san cewa ɗaukar waya a ɗaya ɗakin ya isa ya rusa komai? Da wani ya ɗaga kan wayar ya ce "alo", sai layi ya tsinke, NO CARRIER ta fito.

Shin ko kun san yadda aka shawo kan hayaniyar layi? A 1977 Christensen ya rubuta tsarin da aka sani da XMODEM. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace bait 128, ya liƙa mata lambar tantancewa. In gunduwa ta iso da tangarɗa, mai karɓa ya ce a sake turo ta ita kaɗai. Bai sayar da tsarin ba, kyauta ya sake shi ga duniya. A 1981 Jami'ar Columbia ta fitar da Kermit, a 1986 kuma Chuck Forsberg ya kawo ZMODEM, wanda in layi ya yanke yana ci gaba daga inda aka tsaya.

Ko kun san cewa manhajar sadarwa na cikin waɗanda suka fara cinikin amana? A 1982 Andrew Fluegelman ya fitar da PC-Talk, ya ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗinta ya aiko da dala 25. Mutane kuwa suka aiko.

Shin ko kun san cewa da dare kwamfutoci ke kai wa juna wasiƙu? FidoNet da Tom Jennings ya fara a 1984 ya sa allunan suna kiran juna a sa'ar da kuɗin waya ya fi sauƙi, saƙo ya bi hannu-hannu har ya isa. An raba duniya shiyya shida, Afirka ce shiyya ta 5, kuma ta wannan hanyar ƙungiyoyi da dama a nahiyar suka fara aika imel a farkon shekarun 1990.

Ko kun san cewa Faransa ta raba wa gidaje na'urar Minitel kyauta a madadin kundin lambobin waya? An fara a 1982, ba a rufe tsarin ba sai ranar 30 ga Yuni, 2012.

Ko kun san cewa gudun ya tashi daga 300 zuwa 1,200, 2,400, 14,400, har 56,000 a 1997? A Nijeriya, masu shiga intanet a ƙarshen shekarun 1990 da yawansu ta layin NITEL suke bugawa, kafin zuwan GSM a 2001.

Shin ko kun san cewa umarnin Hayes bai mutu ba? Ƴar modem ɗin nan mai sim da ake sokawa a jikin laftof har yau da AT ake ba ta umarni, haka ma na'urori da yawa masu tura saƙon tes da kansu.

Ƙarancin kayan aiki bai hana mutanen wancan zamani ƙirƙira ba, shi ne ma ya wasa musu basira. Layi ya yi hayaniya suka samo tantancewa, kuɗin waya ya yi tsada suka koma aikin dare, wanda ya gano dabara kuma ya raba wa sauran. Matashin da ke kukan tsadar data da raunin sabis yau, a wayarsa akwai ƙarfin da su Christensen ba su taɓa riƙewa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi matsala guda ta unguwarsu, ya zauna ya warware ta, ya kuma koya wa na kusa da shi.