Takardun Bashi na Kare Muhalli: Me Ya Kamata Mu Duba?

Ya 'yan'uwa, wasu 'yan kasuwarmu na Adjamé da Treichville suna tambaya kan takardun bashin da ake kira "kore", ko ya halatta Musulmi ya zuba kuɗinsa a ciki. To, bari mu fara da sanin abin.

Gwamnati ko kamfani kan ranci kuɗi daga jama'a, da alkawarin kashe su kan ayyukan kare muhalli kawai, kamar wutar hasken rana, ko magudanan ruwa irin waɗanda duk mai bi ta Indénié da damina ya san amfaninsu. Bankin Zuba Jari na Turai ne ya fara fitar da irinsu a 2007, Bankin Duniya ya biyo baya a 2008. Nijeriya ta fitar da nata a 2017, na naira biliyan 10.69. Masu jari suna rububinsu, har wasu kan yarda da riba ƙasa da wadda suka saba.

Ƙa'idojin da aka fi bi, waɗanda suka fito a 2014, huɗu ne: a faɗi inda kuɗin za su, a bayyana yadda aka zaɓi aikin, a ware kuɗin yadda za a iya bin sawunsu, a riƙa ba da rahoto duk shekara. Sai dai bin su ganin dama ne. Tunda ga masu saye a layi, wani zai iya shafa wa bashinsa kore alhali aikin bai kai ba. Shi ya sa ake so masu bincike na waje su tantance.

Ta fuskar shari'a kuwa, takardar da ke biyan kuɗin ruwa riba ce, komai kyan aikin. Mafita ita ce sukuk, inda mai jari ke da rabo a kadara yana cin kuɗin hayarta. Ƙasar nan ta fitar da sukuk na sefa biliyan 150 a 2015, ta sake a 2016. Indunusiya kuma ta haɗa biyun a 2018, da sukuk na kare muhalli na dala biliyan 1.25.

Don haka kafin mu sa hannu, mu tambaya: wane kwamitin malamai ne ya duba shi, wace kadara ce a ƙarƙashinsa, ina rahoton bara? Dukiya amana ce, za a tambaye mu a kanta. Allah ne mafi sani.