Laka ko siminti: gardamar gini a Korahane

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an ɗaura hatsi a rumbu, maganar gini takan taso a Korahane, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi. A lokacin ruwan tabki bai ƙafe ba tukuna, manomi yana da ɗan abin hannu, samari kuma ba su kama hanyar cin rani ba. Mai son ƙara ɗaki domin aurar da ɗansa, da wanda damina ta zubar wa katanga, duk sai su nemi magini. Kowane magidanci yakan tsaya a kan tambaya guda: da me za a gina, da me kuma za a rufe?

Ra'ayin mutanen gari ya kasu a kan wannan batu. Matasan da suka ga Maraɗi da Yamai, ko suka yi cin rani a Nijeriya, suna ganin garinsu ba shi da ginin da za a nuna wa baƙo. A wurinsu ɗakin laka alamar rashi ne, gidan kirki kuwa shi ne na bulon siminti da rufin kwano. Dattawa ba su yarda ba. Suna cewa a ɗakin ƙasa aka haife su, kuma ba su taɓa kwana a waje don zafi ya kore su ba. Mata, waɗanda su ne ke wuni a gida, ba a faye tambayarsu ba, alhali su suka fi kowa sani. Su ne ke shan zafin kwano a watan Afirilu, lokacin da ɗaki yake zama kamar tanda, su ne kuma ke jera ƙwarya da tukwane a tsakar ɗaki idan soro ya fara zuba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matasa suna da hujja, ba ƙarama ba. A daminar 2024 ruwa ya yi ɓarna a faɗin ƙasar nan: sama da mutum 300 suka rasu, fiye da mutum miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Da yawa daga cikin mamatan, ginin laka ne ya faɗo musu. A farkon watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a. Wanda ya ga haka ya ce shi da laka har abada, ba za a zarge shi ba.

Amma ya kamata a tsaya a duba yadda ginin ƙasa yake faɗuwa, domin a nan ne gardamar take kuskure hanya. Ruwan da ke dukan bango ba shi ne babban maƙiyi ba. Yaɓe yana tare shi. Ginin laka ta wuri biyu yake mutuwa, ta ƙafa da ta ka. Idan ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar takan sha ta yi laushi, nauyin da ke sama ya danne ta, bangon ya zame gaba ɗaya. Idan kuma indararo ya toshe, ko gara ta ci itacen rufi, ruwa yakan taru a kan soro, ƙasar rufin ta ninka nauyi, sai ta rufto cikin dare a kan masu barci. Magina na da sun san wannan sarai. Shi ya sa suke kaurara gindin bango ya fi samansa, suke barin kwaɓi ya kwana ya ruɓa da ciyawa kafin a yi tubali, suke shafe soro da makuba ko laso. Kowace shekara kuma, kafin ruwan farko, maigida yakan hau soro ya duba tsaga, ya sake yaɓe. Yau mai gida yana cin rani har shuka ta zo, ba wanda zai hau.

Akwai kuma matsalar da ta shafi yankin Dakoro musamman. Ƙasar jigawa ce mafi yawa, rairayi ya rinjayi yumɓu, sai a bakin tabki ko cikin kwari ake samun ƙasar gini mai danƙo. Wanda ya yi birgi da ƙasar ƙofar gidansa don gudun kuɗin amalanke, ya gina abin da ba zai ga damina biyar ba. Itace kuma ya yi wuya. Azarar giginya, wadda gara ba ta iya ci da sauƙi, daga nesa take zuwa, da tsada. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwan daji suka ragu ƙwarai, kuma ma'aikatan gandun daji suna da gaskiya da suke hana sara. Sai talaka ya rufe ɗaki da duk reshen da ya samu. Ashe ba ƙyamar gargajiya ce kaɗai ta kai mutane ga kwano ba; rashin azara ne ya tura su.

Shi ma simintin ba a faɗin aibinsa yadda ya kamata. Korahane tana nesa da inda ake sauke kayan gini, kuɗin mota yana hawa kan kowane buhu. Don haka mai gini yakan matsa wa mai buga bulo ya fitar da fiye da ƙima daga buhu guda, sai a samu bulon da yaro zai iya marmasawa da hannu. Bulo yana bukatar a yi ta ba shi ruwa kwanaki kafin ya yi ƙarfi, a garin da ruwan sha ma sai an ja guga mai tsawo. Kwano maras kauri, in ba a ɗaure shi da kyau ba, guguwar farkon damina takan yaye shi ta jefar bayan gari. Mafi muni shi ne shafa siminti a kan bangon laka don a yi ado: laima takan shiga ta bayansa ta kasa fita, bangon ya ruɓe a ɓoye, shafen ya ɓamɓare falle-falle.

Ba sai an je ƙasar waje ba kafin a ga abin da ƙasa take iya yi a hannun gwani. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi da baka da hasumiyoyi shekara da shekaru, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Manomi ne ɗan ƙauye, ba a makarantar zanen gini ya koya ba. A 1980, a Cikal ta yankin Filinge, aka fara gwada gini ba da itace ba, wato rufin baka da tulluwa na birgin laka zalla, dabarar da ta samo asali daga ƙasar Nuba a kudancin Masar. Ƙungiyar Development Workshop ta horar da magina masu yawa a kan wannan fasaha a Nijar da maƙwabtanta. Ga yankin da ba azara, babu amsar da ta fi wannan dacewa, ko da yake tana bukatar magini da ya koya sosai, kuma rufin yana son kulawa kamar kowane soro. A Dandaji kuma, nan jihar Tawa, a 2018 aka kammala sabon masallaci da birgin ƙasa da aka matse a inji, bisa zanen Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, aka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu maimakon a rushe shi.

Abin da hukuma ta gina, shi jama'a suke kwaikwayo. Bayan da aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, aikin gina ajujuwa da ɗakunan shan magani ya riƙa bi ta hannun magajin gari har zuwa 2024. Idan duk ajin da yaro ya taɓa gani na bulo da kwano ne, zai tashi da tunanin cewa ilimi da laka ba sa haɗuwa. Kuɗin bulo kuwa ba ya isa ko'ina, shi ya sa ake cike giɓi da rumfar zana. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan ajujuwa a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan makamanciyarta a Yamai. Tsakanin ajin siminti da ba a iya biya da rumfar da wuta ke cinyewa, akwai ajin ƙasa mai tushen dutse ko siminti, mai kaurin bango, wanda maginan gari za su iya ginawa kuma iyayen yara su iya yaɓewa.

Wannan yana bukatar abubuwan da ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A keɓe wurin ɗibar ƙasar gini nesa da gidaje, domin kududdufin da ake haƙawa a tsakiyar unguwa shi ne ke jiƙa gindin katangar maƙwabta. A hana raba filaye a hanyar ruwa. Mutanen Maraɗi sun koyi wannan darasi tun 1945, lokacin da Gulbi ya cinye tsohon gari aka koma tudu. A tura samari biyu ko uku su koyi rufin baka wurin waɗanda suka iya, sa'an nan a ba su aikin aji guda a cikin gari, inda dattijo da saurayi za su shiga da tsakar rana a watan Afirilu su zauna.