Taki a Gonar Haya: Wasan Jarumta na Intanet da Kuɗin Wata-Wata

 Shirinmu na musamman na yau a gindin wani gawo ya samo asali, a ƙauyenmu da ke gefen titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Dambatta ya nufi Kazaure da Daura.

Na je gida ne bayan an yanke gero, lokacin da gawo ya fara tofo, alamar damina ta yi sallama. Da la'asar sakaliya samari sun taru a rumfar mai cajin waya, wayoyi jere a kan tebur kowace da 'yar lamba manne a bayanta. Sai ɗan yayana, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya matso kusa da ni da wayarsa mai tsagaggen gilashi. Ya ce, "Baffa, don Allah dubi wannan." Tallar wani sabon gem ce. Ga wani jarumi cikin sulke a kan dabba mai fukafukai, ga birni a ƙolin dutse, ga dodo yana feshin wuta, mutane kusan ashirin sun yi masa ƙawanya. Ya ce, "Duk waɗannan da ka gani mutane ne na gaske, kowa yana ɗakinsa, wani a Jamus, wani a Masar. Sai dai biya ake duk wata. Idan na sayar da gyaɗar gayaunata, kana ganin in shiga?"

Ba zan ambaci sunan wasan ba, don ba talla muka zo yi ba. Amma tambayar yaron ta cancanci amsa ta gaskiya, ba tsawa ba.

Irin wannan wasa ya bambanta da ƙwallon da ake bugawa a gidan gem, ya kuma bambanta da Free Fire ko PUBG da samarinmu suka saba da su a waya, inda ake fafatawa ta 'yan mintoci a tashi. Wannan duniya ce sukutum da ba ta barci. Kai za ka ƙera mutuminka, ka raɗa masa suna, ka zaɓa masa sana'a: mayaƙi, ko maharbi, ko mai magani. Yana farawa da tsumma da guntun takobi, a aike shi ƙananan aike-aike, yana tara ƙarfi da kaya mataki bayan mataki, har watanni su shuɗe. Idan ka kashe na'ura ka tafi gona, duniyar tana nan tana tafiya, kasuwarta tana ci. Manyan dodanni kuwa mutum ɗaya ba ya iya kashe su, sai an yi gayya: wani ya tsaya a gaba yana shan duka, wani yana baya yana warkar da waɗanda suka ji rauni, sauran suna kai sara.

Abin ya daɗe. Ultima Online ya fito a 1997, EverQuest ya biyo baya a 1999, sannan a watan Nuwamba na 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da World of Warcraft, wanda ya zama zakaran gwajin dafi. A 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12. A Japan kuma akwai Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix, wanda fitowarsa ta farko a 2010 ta zo da tangarɗa har sai da aka rushe shi aka sake gina shi a 2013.

Kafin mu shiga lissafi, akwai abin da nake son iyaye su ji. Sha'awar da ta kama wannan yaro ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mu da muka tashi ana yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dodon kogi, muka karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, muka bi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, muka yi hayar littattafan yaƙi a kasuwa, ba mu da bakin cewa yaro ya lalace don yana son ya ga kansa a cikin sulke. Hatta shiga rigar wani ka taka rawarsa mun san ta. A wasan kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin gari sukan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, kowa ya riƙe matsayinsa har a tashi. Bambancin shi ne, dandalin kalankuwa namu ne, babu mai karɓar kuɗin ƙofa da dala.

To ga lissafin. Kuɗin wata na World of Warcraft a Amurka dala 15 ne ba kaɗan, kuma galibin takwarorinsa a nan kusa suke yanka farashi. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan bai kai naira 7,000 ba. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta haura 1,500 a 2024, kuɗin nan ya koma wajen naira 22,500. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato wasa ɗaya zai lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci. A shekara kuwa naira 270,000 ke nan. Shi ma'aikaci ma yana da wata. Manomi ba ya da wata, kaka yake da ita. Kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa da kauri, daga nan sai a yi ta gutsura: taki, iri, ƙwadago, maganin feshi, hidimar salla. Tsarin da aka gina don mai albashin London ko Tokyo ba ya tambaya ko watan Agusta ne, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba.

Wannan kuma kuɗin shiga ne kawai. Manyan wasannin biyan wata da na ambata galibi ba sa hawa wayar hannu, kwamfuta suke so. World of Warcraft kaɗai yana neman a tanadar masa fili sama da giga 100. Bugawar kanta ba ta cin data sosai, saukewa da sabuntawa ne suke cinye ta, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Sai wuta. Duk wanda ke Arewa a watan Oktoba na 2024 yana tune da duhun da aka shafe fiye da mako ana ciki bayan lalacewar manyan layukan lantarki, kuma ƙauyuka da yawa a Kunci da Tsanyawa da Makoɗa ba su ma ji bambanci sosai ba, don dama da janareto da sola suke rayuwa.

Akwai wata matsala da talla ba ta nunawa. Manyan kwamfutocin da duniyar World of Warcraft ke zaune a cikinsu galibi suna Amurka da Turai da gabashin Asiya, babu ko ɗaya a Afirka. Idan yaro a Dambatta ya danna maɓalli don ya kauce wa sara, saƙon sai ya hau turken sabis, ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa Turai, sannan amsa ta dawo ta wannan doguwar hanya. A hira ta WhatsApp ba ka jin wannan jinkiri. A gaban dodo kuwa, ƙiftawar ido ita ce tsakanin rai da mutuwa, kuma idan kai ne mai magani, faɗuwarka faɗuwar mutum ashirin ce. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta sarƙewa kwanaki, amma agogon kuɗin wata bai tsaya wa kowa ba.

Sannan lokaci. Irin waccan gayya ta yaƙar babban dodo takan ɗauki awa biyu ko uku, kuma ba a dakatar da ita don mutum ɗaya. Abokan wasa na Turai sun fi haɗuwa da yamma bayan sun tashi aiki. Ƙarfe takwas na dare a Faransa ko Jamus a watannin daminarmu ƙarfe bakwai ne a Kano, daidai magariba, isha'i na tafe, ga kuma sammakon noma da asuba. Wanda ya riga ya biya kuɗi kuma zuciyarsa takan riƙa raya masa cewa duk daren da bai shiga ba asara ce. Wannan jan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan gem har ya danne sauran al'amuran rayuwa cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ko da yake ba kowane mai bugawa ne yake kaiwa can ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma na fi daɗewa ina yi wa yaron bayaninsa, shi ne maganar mallaka. Mu a wannan yanki mun san darajar ƙasa. Gonakinmu a matse suke, babu saura, babu daji, kowace shekara ƙasa ɗaya ake nomawa, kuma da taki ake riƙe ta. Kakanninmu a kan jaki suke ɗauko shara daga birni su zuba. Shi ya sa duk manomi ya san bambancin gayaunarsa da gonar haya. A gonar haya kana iya zuba taki shekara uku, ranar da ka kasa biya ko mai ita ya ce yana son abarsa, takinka ya zama nasa. Jarumin da ka shekara kana ginawa a wannan wasa haka yake. Watan da ba ka biya ba an rufe maka ƙofa. Idan kuma kamfani ya naɗe tabarmarsa, shi ke nan. A Janairun 2023, da yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, an kashe World of Warcraft a ƙasar Sin, mutanen da suka shafe shekaru fiye da goma suna ciki suka wayi gari ba su da hanyar shiga, sai a 2024 aka sasanta aka dawo da shi. WildStar, wanda ya fito a 2014 da kuɗin wata da alkawura manya, an rufe shi ɗungurungum a 2018.

Sabon wasa ya fi kowanne wannan haɗari, domin ba a san ko zai kai baɗi ba. Kuma tarihi ya nuna mai haƙuri yakan samu da sauƙi. Star Wars: The Old Republic ya fito a ƙarshen 2011 da kuɗin wata, kafin 2012 ta ƙare ya buɗe ƙofar shiga kyauta. The Elder Scrolls Online ya fito a 2014, a 2015 ya janye tilascin biyan wata.

Adalci ne in faɗi inda tsarin biyan wata ya fi. Farashinsa a fili yake, ka san abin da za ka kashe. Yawancin wasannin da ake kira na kyauta ta bayan gida suke tatsa: su sayar maka da akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba, ka biya, ka buɗe, ka samu ko ka tashi a tutar babu. Hukumomin ƙasar Beljiyam tun 2018 suka ce irin wannan akwati caca ne, mu ma idan muka kira shi da sunansa ba mu yi ƙarya ba. Haka nan yaro yakan tsinci Turanci da aiki da jama'a da sanin kwamfuta a irin wannan duniya. Ɗalibi a Bichi ko ma'aikaci a birni mai kwamfuta da sola da albashi, wanda ya iya tashi idan an kira salla, ba zan ce masa ya yi laifi ba. Shi ma dai ya leƙa tukuna ya ga abin da ke ciki, domin da yawa cike suke da bokaye da gumaka da shigar da ba kowane gida ne zai lamunta ba.

Ga ɗan yayana kuwa, na ce masa a'a, kada ya sayar da gyaɗarsa don wannan. Na ce idan ɗanɗanawa yake so, akwai ƙofofin da ba a biya. Old School RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila yana hawa waya tun 2018 kuma yana da ɓangaren kyauta, Albion Online ma yana hawa waya kuma yana da ɓangaren kyauta. Ya gwada da rani, bayan an gama sussuka, ya auna sabis ɗin ƙauyenmu da idonsa, ya yanka wa kansa data ta mako, kuma kada ya danna sayen komai a ciki.

Ya yi shiru, yana murza gefen wayar da babban yatsa. Can ya ce, "Baffa, to me ya sa babu irinsa namu? Ga rijiyar Kusugu a Daura da macijinta, ga Barbushe a kan Dala, ga Sarauniya Amina da ganuwowinta." Na ce masa wasu a Afirka sun fara. A Kamaru wani kamfani mai suna Kiro'o Games ya fitar da wasan jarumta mai suna Aurion a 2016, da labari da sutura irin na nahiyar nan, a Legas kuma Maliyo Games yana ƙera wasannin waya tun 2012. Na ce masa kuɗin wata goma sha biyu na wancan wasa zai kai shi nesa wajen sayen kwamfuta ta hannu da zai koyi zane da rubuta manhaja a kanta.

Washegari da safe na same su a gona shi da ƙannensa suna tsinkar gyaɗa. A kan tarin harawa ga wani tsohon littafinsa na makaranta a buɗe, an danne shi da dutse. Da biro ya zana taswira: Dala a ƙasa, Daura a sama, dam ɗin Tomas a tsakiya, ya kuma zana wani abu mai kai uku yana leƙowa daga cikin ruwan. Gyaɗar kuwa buhu biyu da 'yan kwanoni ta yi, mahaifinsa ya ce a ajiye ta sai farashi ya tashi.