Fadamun Bakin Tafkin Kainji: Me Ya Sa Ba a Cike Su?

A shekarar 1968 aka kammala gina madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan Neja ya taru ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,250, ya shanye tsibirai da ƙauyuka, aka sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yauri. Tun daga lokacin, garuruwa irin su Yelwa da Wara suke ta bunƙasa, masu ƙaramin ƙarfi kuwa sukan gangara fadama su yi gini, domin fili ya fi araha a can.

To, mai karatu, ka sani tafkin nan cika yake yi yana janyewa kowace shekara. Ruwa biyu ke shigarsa. Farin ruwa na daminar ƙasashenmu ne, yakan iso wajen Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuwa daga duwatsun ƙasar Gini yake tasowa, sai ya yi watanni a hanya kafin ya iso cikin hunturu. Saboda haka filin da ka gani a bushe da bazara wurin kwanan ruwa ne.

Amfanin fadama uku ne. Na ɗaya, tana shanye ambaliya kamar soso, ta riƙa sakin ruwan sannu a hankali. Na biyu, ciyayinta, irin su burugu, suna tace laka da ƙazanta, kuma a cikinsu kifi ke zuba ƙwai, 'ya'yansa su sami mafaka. Na uku, idan ruwa ya janye, nan ake noman albasa da shinkafa, nan kuma dabbobi ke kiwo. Da zarar an cike ta da shara da gine-gine, ruwa ya rasa wurin zama, sai ya faɗa gidaje. Kududdufan da ya bari su haifi sauro, su tara katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

Duniya ta san darajar irin waɗannan wurare. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare su a garin Ramsar na ƙasar Iran, kuma a 2008 aka sa tsibiran Foge na wannan tafki cikin jerin da take karewa.

Ɗalibai na iya taimakawa. Ku tambayi dattawan unguwarku iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ku zana taswirar wurin tare da malaminku, ku kai wa mai unguwa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.